Allo Mai Wayo da Akuyar Inna

Jiya ina zaune a gindin dalbejiyar bakin ofis na ji ɗayanku yana cewa aikin malanta yanzu ya zama wasa, wai danna nan, danna can, allo ya ƙarasa maka sauran. Ban tanka ba don bakina cike yake da gyaɗa. Yau na haɗiye, sai ku gyara zama. Ku an turo ku koyon aiki na wata uku. Ni Haladu shekara talatin da uku na yi ina koyar da lissafi a firamare, kuma allon nan da kuke yi wa kallon abokin wasa, ni ne mutum na farko da ya tsaya gabansa a makarantar nan. Da ƙyar na fita da mutuncina.

Aikin farko da aka ba ni a wata makarantar ƙauye can wajen Kusasu ba koyarwa ba ce. Hedimastan wurin, marigayi Malam Bawa, tsofaffin batura shida ya miƙo mini da ɗan ƙullin ƙaro, ya ce in baƙanta allo. Fasa batir ake yi a zazzage baƙin garin cikinsa, a kwaɓa da ruwan ƙaro, a shafa da tsumma ranar Juma'a bayan an tashi, don ya bushe kafin Litinin. In ƙaro ya yi yawa allo ya yi sheƙi, alli ya riƙa zamewa. In ya yi kaɗan, baƙin ya bi duk wanda ya taɓa shi. Nawa na farko kaɗan ya yi. Na jingina da shi cikin farin kaftani ina kiran suna, aka tashi na wuce kasuwa ban sani ba, har wata tsohuwa ta biyo ni tana tambaya ko gawayin nawa na itacen ƙirya ne.

Zango guda cur Malam Bawa ya yi yana tsayawa a bayan ajina. Ba ya cewa komai sai in layin rubutuna ya fara karkata, sannan ya ce, "Haladu, rubutunka ya gangara rafi, je ka ɗauko shi." Shi ya koya mini karya alli biyu kafin a fara, don dogo ƙara yake yi yana kashe haƙora. Shi ya koya mini shanya kwalin alli a rana da damina. Shi ya koya mini cewa malami da ƙeya yake gani. Kana rubutu ka ba yara baya, amma daga kukan benci ka san wanda ya motsa. Sai ka karyo ɗan guntun alli, ka juyo, ka jefa, ya sauka a kan teburin mai laifi. Hannuna ya saba da jifan nan har ba ya neman izinina.

Sai kuma iyaye, waɗanda su ne masu kawo mana aiki. Wata uwa ta taɓa jawo ɗanta har cikin aji ta ce, "Malam, ga shi nan, ka dake shi da kyau. Amma ban da kai, yana ciwon kai. Ban da baya, an yi masa ƙaho. Hannu kuma da shi yake taya ni surfe, ƙafa da ita yake zuwa rijiya." Na dube shi sama da ƙasa, na ce ta tafi da shi, in an samu wurin da ya rage a aiko mini.

Shekarar da daji ya ɗauki zafi ita ce mafi muni a aikina. Aka rufe makarantun ƙauyuka, aka kwaso mu malamai da yara aka zuba a nan Magajin Gari. Ajina ya haura yara ɗari, wasu a benci, wasu a ƙasa, wasu a kan taga. Yaran ƙauye ba sa magana. In iska ta buga ƙofa sai ka ga rabinsu sun shige ƙarƙashin tebur. Alli ya ƙare, mota ba ta zuwa daga Kaduna, muka koma rubutu da busasshen rogo. Rogo yana rubutu, ba laifi, matsalarsa ɗaya, ana cin sa. In ka ajiye shi a tebur ka fita fitsari, ka dawo ka tarar an cinye maka darasi.

Bayan hanya ta ɗan lafa ne wata mota ta shigo da wani ƙaton kwali da faifan sola. Wata ƙungiya ce ta bayar. Samari biyu suka kafa abin a bangon aji shida, fari fat, faɗinsa ya fi ƙofar gida. Suka yi mana bayani na awa guda da Turanci mai gudu, muna ta gyaɗa kai, suka ce akwai tambaya, muka ce babu, suka shiga mota. Su suna kiran sa simat bod. Yara suka sa masa allo mai wayo, sunan ya bi shi.

Malam Isiyaku mai koyar da aikin gona shi ya fara lura da wani ɗan baƙin ɗigo a saman allon. Ya tara mu ya rage murya ya ce ido ne, kuma duk abin da aka yi a gabansa ana kallo a Kaduna. Daga ranar makarantar nan ta gyaru. Malaman da ba su taɓa zuwa kafin takwas ba suka riƙa zuwa bakwai, su bi ta tagar aji shida a hankali don a gan su. Isiyaku kansa in zai wuce sai ya gyara hula ya ce, "Barka da aiki, ranku ya daɗe." Da abin ya ishi Hedimasta, Malam Garba, wani ƙaton mutum mai muryar da ake ji har bakin titi, sai ya zo da zanin gado daga gida ya lulluɓe allon, ya sa kwaɗo a ƙofa, ya mai da 'yan aji shida gindin mangwaro. Mako biyar muka yi a haka, kowa hankalinsa kwance.

Sai takarda ta zo. Sufeto za ta zo nan da mako uku ta ga darasi a kan sabon allo, kuma malamin da ya fi kowa daɗewa a aiki shi zai koyar, don a tabbatar tsofaffi ma za su iya. Tare da takardar aka fara raɗe-raɗin cewa makarantar da ta kasa, za a ɗauke allon, a kuma ɗebi malamanta su je su sake buɗe makarantun bakin daji. Ko gaskiya ne ko ƙarya ba wanda ya sani, ba kuma wanda yake son ya gwada. A wurin taro Isiyaku, wanda kullum yake cewa ya riga ni ɗaukar aiki da wata biyu, ya miƙe ya ce ya duba takardunsa, ashe kuskure ne, ni ne babba.

Malama Rifkatu ce ta cece ni. Iyayenta mutanen kudancin Kaduna ne, amma a nan aka haife ta. Ni na koyar da ita a aji huɗu a zamana na farko a makarantar nan, kafin a sake tura ni ƙauye, kuma da ta zama malama ni na tsaya a bayan ajinta ina ce mata rubutunta ya gangara rafi. Ta ɗauki ɗan littafin da ya zo cikin kwalin ta kwana biyu da shi, sannan ta same ni ta ce, "Baba, kullum in an tashi ka tsaya, zuwa la'asar. Ɗigon nan ba ido ba ne, wurin da rimot yake magana da shi ne."

Na ce, "Kin tabbata?"

Ta ce, "In ido ne, da tuni an kori rabinmu."

Ranar farko ta miƙo mini wani alƙalami na roba wanda ba tawada a cikinsa. Na rubuta biyar. Biyar ɗin ta fito, amma ba inda na sa ta ba, can gefe kamar taƙi guda. Na bi ta in gyara, ta ƙara matsawa. Rifkatu ta danna wasu wurare huɗu a kusurwoyi, ta ce yanzu ya daidaita. Na rubuta lissafi layi uku masu kyau, irin waɗanda Malam Bawa zai yi murna da su, na ɗaga hannu in fara na huɗu, sai komai ya ɓace.

"Me na yi?"

"Hannun rigarka ne, Baba. Duk abin da ya taɓa shi, ɗauka yake yi umarni ne."

Shekara talatin ina koyarwa da babbar riga ba ta taɓa ba kowa umarni ba. Na naɗe ta a kafaɗa, ta zamo. Na sake naɗewa, ta zamo ta buɗe wani shafi mai taswirar duniya. Washegari na zo da kaftani na ɗaure hannuwan da kyauro, kamar mai shirin fiɗar rago.

Kwana na uku ƙuda ne. Ina tsaye nesa da allon, hannuna a baya, sai ga wani layi yana tafiya shi kaɗai, ya yi sama, ya yi kwana, ya tsaya. Na ja da baya ina salati. Isiyaku da yake leƙe ta taga ya ce, "Na faɗa muku! Daga Kaduna ake gyara masa!" Rifkatu ta matsa ta kaɗa gyalenta, ƙuda ya tashi, rubutu ya tsaya. Ashe allon bai san bambancin malami mai takardar shaida da ƙuda ba. Daga nan aka hana shan mangwaro a aji shida.

Dabi'un hannu su suka fi ba ni wahala. In na yi kuskure sai in lashi yatsa in goge, Rifkatu ta yi ihu. In na gama layi sai in hura masa iska. Ranar da muka gwada da yara, ina cikin rubutu na ji benci na uku ya yi kuka, hannuna ya juya ya yi abin da ya saba. Alƙalamin nan guda ɗaya tak da aka ba mu ya bi ta saman kan yaron, ya fita ta taga, ya faɗa gonar masarar makaranta. Malamai bakwai da Hedimasta muka shiga masara a durƙushe har aka kira la'asar. Da aka same shi Rifkatu ta ɗaure shi da zare a wuyan hannuna, ta ce, "Yi haƙuri, Baba." Na miƙa mata hannu, ai ni na jefa.

Amma na koya. Darasin rabo muka shirya, ɗaya bisa biyu da ɗaya bisa uku. Rifkatu ta sa hoton lemo a allon, in na ja yatsa a kansa sai ya rabu gida biyu, in sake ja ya rabu uku. Sau ashirin na maimaita har ina yi ina kallon aji. Ana gobe sufeto za ta zo, Hedimasta da bai taɓa matsawa kusa da allon ba ya yi ta maza ya shigo, ya ce a haɗa masa wayarsa da lasifikar allon ya ji ko taken ƙasa zai fita da kyau. Rifkatu ta haɗa, take ya fita har gilas yana rawa, ya yi murmushi ya tafi. Ba wanda ya tuna ya raba su.

Sufeton wata Hajiya ce mai tabarau, ba ta dariya. Aka sa mata kujera a baya, Hedimasta ya tsaya kusa da ita, sauran malamai suka jeru a taga. Na yi sallama, na rubuta kan darasi, layi ya miƙe sak. Na kira lemo, ya zo. Na sa yatsa in raba shi, ashe yatsu biyu na sa. Lemo ya kumbura ya cika allon gaba ɗaya. Yara suka ce, "Kabewa!" Na ja shi ya koma, ya ƙi. Na danna nan, na danna can, kamar yadda ɗayanku ya ce ana yi, abu ya kafe. Na ji Hajiya ta buɗe littafinta.

Daidai nan wayar Hedimasta ta girgiza a aljihu. Daga baya ya rantse mana cewa ya zaci saƙo ne daga ofis. Ya zaro ta a hankali, ya danna, ya kara a kunne don ya ji shi kaɗai. Sai allo ya buɗe baki da muryar tsohuwa, da ƙarfin da aka bar taken ƙasa jiya.

"Salamu alaikum. Auta! Auta, kana ji na? Ke Hauwa, ya fara ɗauka? To. Auta, jar akuyar nan ta haihu da asuba. Uku ta zubo, biyu mata, ɗaya namiji. Ka aiko da dusa. Kuma an ce mini har yanzu kana shan rake a kan hanya kana tofar da ɓawo, da girmanka. Ka bari. Shi ke nan, ke kashe."

Isiyaku ya ɓace daga taga. Mu malamai mun san muryar, Inna ce, mahaifiyar Hedimasta da ke zaune a Saminaka, jikarta Hauwa ce take ɗaukar mata saƙo. Yara ba su san waye Auta ba, amma na ga kawuna sun fara juyawa baya, inda wani ƙato yake tsaye da waya a kunne, gumi yana bin wuyansa. In suka ƙarasa juyawa, ya gama hedimasta a garin nan.

Na tafa hannu da ƙarfi na ce, "Kowa ya dubo nan! Kun ji Inna. 'Ya'ya nawa akuya ta haifa?"

"Uku!"

Na kai hannun rigata da gangan na goga a allon, kabewa ta tafi, fari ya dawo. Na zana 'yan awaki uku. Sun fi kama da tebura masu kunne, amma an gane.

"Maza nawa?"

"Ɗaya!"

"Ɗaya cikin nawa?"

"Cikin uku!"

Na rubuta ɗaya bisa uku. Na tambayi matan, aka ce biyu bisa uku tun ban rufe baki ba. Abin da ban taɓa gani ba tun da muka dawo gari, yaran ƙauye ne suka fi ɗaga hannu. Lemon hoto ba su san shi ba, akuya kuwa da ita suka tashi. Wata yarinya, Saude, wadda tun da ta zo ban ji muryarta ba sai in ana kiran suna, ta miƙe ta ce, "Malam, in aka haɗa da uwar sun zama huɗu, namijin ya koma ɗaya bisa huɗu." Na ce ta zo ta nuna. Ta zo ta sa ɗan yatsanta ta zana uwar, da ƙaho da gemu da hantsa, akuya sosai ba irin nawa ba, ta ja namijin gefe guda. Muka yi ta rarraba awakin nan har aka kaɗa ƙararrawa ba wanda ya motsa.

A ofis Hajiya ta cire tabarau ta ce ta zagaya makarantu da yawa, ko'ina lemo da tuffa ake nuna mata, ba ta taɓa ganin inda aka sa muryar mutanen gari cikin darasi ba. Ta tambayi wanda ya tsara. Na ce aikin haɗin gwiwa ne. Ta ce, "Shi Autan nan fa, waye?"

Hedimasta ya ce, "Wani yaro ne a unguwarmu, ranki ya daɗe."

"To a gaya masa ya ji maganar uwarsa. Kuma a tura mini muryar nan, zan kai wa sauran makarantu."

Ya ce an gama. Bayan motarta ta fita ya zube a kujera ya gaya mana cewa tun muna aji ya goge saƙon, ya kuma kira Hauwa a ɓoye ya sa ta goge nata.

Ranar Asabar ya goya ni a babur muka tafi Saminaka da buhun dusa. Muka tarar da Inna a tsakar gida tana tsinke zogale. Muka gaisa, na yi mata barka, sannan na yi bayani dalla-dalla, cewa so muke ta maimaita maganar nan yadda ta faɗe ta, sai dai a bar zancen rake.

Ta ce, "Malam, in ce me?"

"Ku ce akuya ta haihu da asuba, Inna."

"Yau kwananta biyar da haihuwa. Da tsufana zan yi wa gwamnati ƙarya?"

Hedimasta ya durƙusa ya ce, "Inna, don karatun yara ne."

"To a koya musu gaskiya. In ta sake haihuwa zan faɗa. Tashi ka kai dusar nan zaure."

Haka muka dawo. Ba a ɗauke allon ba, ba a tura kowa bakin daji ba, amma duk ƙarshen wata Hajiya sai ta bugo waya, Hedimasta ya ce ana kan aiki. Malaman makarantar nan ba su taɓa damuwa da lafiyar wata dabba kamar jar akuyar nan ba. Isiyaku har magani ya aika mata. Kowace Litinin kafin a yi maganar rajista sai an tambayi ko ciki ya fito.

Wata na takwas, ina cikin darasi, Hedimasta ya leƙo ya yafito ni. Ya ja ni bayan ofis, ya duba hagu da dama, ya tabbatar wayarsa ba ta haɗe da komai, sannan ya danna.

"Auta, ta haihu. Ɗaya ne tak, namiji. Ka gaya wa gwamnati. Kuma wandon da ka bari a nan na wanke, amma ya ɓarke ta baya, tela ya ce ba laifin zare ba ne, ka rage tuwo."

Ya dube ni kamar zai yi kuka ya ce, "Malam Haladu, ɗaya ana raba shi?"

Na ce, "Sai an yanka, ranka ya daɗe."

Ya kira Rifkatu ya roƙe ta ta datse ƙarshen maganar kafin a tura. Yarinyar da ta iya komai na allon nan ta juya wayar sama da ƙasa, ta dube shi da ladabi ta ce wannan kam ba ya cikin littafin. Aka tura yadda yake. Kwana biyu Hajiya ta bugo ta ce ba komai, ya yi daidai da 'yan aji ɗaya masu koyon ƙirga, ta riga ta rarraba wa makarantu. Ta kuma ce a gaishe da Auta, da alama yaron yana samun kulawa.